Uwa Mai Sana'a a Idon Majigi

Tun kafin bidiyo ya shigo Kumasi mutanen Zango sun saba da sinima. A Rex da Roxy da Odeon, da Rivoli can Bantama, an yi shekaru ana nuna finafinan Indiya, 'yan Zango kuwa suna cikin waɗanda suka fi ƙaunarsu, ko da yake ba su jin harshen. Dokar hana yawon dare da ta biyo bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 ta karya kasuwar sinima, bidiyo ya zo ya ƙarasa ta. Waɗansu gidajen sinima na ƙasar nan sun zama majami'u, waɗansu an kulle su. Amma kallo bai mutu ba. Ya koma ɗakin bidiyo na unguwa, daga nan ya koma talabijin, yau ga shi cikin waya a tafin hannu: na Indiya da ake juyawa da Hausa a Kano, na Kano ɗin kansu, na Kumasi da harshen Twi, da na Amurka.

A gidaje da yawa na Aboabo da Asawase da Sabon Zango, kuɗin shiga sinima a dā, da kuɗin katin waya a yau, daga hannun uwa suke fitowa. Daga koko da ƙosai suke fitowa, daga shinkafa da wake da ake kira waakye, daga keken ɗinki, daga teburin atamfa a Kejetia. Saboda haka ya dace a tambaya, wace irin fuska majigi yake ba wannan mace da take biyan kuɗin kallonsa? Wanda ya duba da kyau zai ga abu guda yana ta maimaituwa daga Bombay har Kano. Kafin fim ya yarda uwa ta riƙe sana'a, sai ya fara kawar da mijinta, ko ya kashe shi, ko ya kore shi, ko ya sa ya sake ta. In kuwa mijin yana nan da ransa ita kuma tana samu, to, fim ɗin ya riga ya shirya mata hukunci.

A fara da Mother India, wanda Mehboob Khan ya yi a 1957, gama shi ne kakan sauran, akwai kuma tsofaffi a Zango da za su iya ba da labarinsa daga farko har ƙarshe. Radha, wadda Nargis ta fito a matsayinta, amarya ce a ƙauye. Surukarta ta ci bashin rupi 500 a wurin Sukhilala mai ba da rance da ruwa domin a yi biki, daga nan kashi uku cikin huɗu na amfanin gona ya zama nasa kowace shekara. Dutse ya danne hannuwan mijin ya rasa su duka biyu, kunya ta fitar da shi daga gida, bai ƙara komowa ba. Sai Radha ta ɗora garma a kafaɗa ta ja ta kamar sa. Ambaliya ta cinye gida da gona, ta rasa ƙaramin ɗanta, mai bashi ya nemi mutuncinta a bakin abinci ta ƙi. A ƙarshe, sa'ad da ɗanta Birju ya zama ɗan fashi ya sace 'yar Sukhilala ranar aurenta, ita da hannunta ta harbe shi.

Fim ne mai nauyi, ba wanda zai hana shi yabo. Ya nuna gumi a matsayin gumi, laka a matsayin laka. Ya kuma san yadda bashi yake cin mutum, abin da duk macen da ta taɓa ɗaukar buhun shinkafa bashi ta sani sarai. Amma a lura da sharaɗin. Tun mijin yana nan Radha tana taya shi noma, sai dai a lokacin 'yar taya ce kawai. Ba ta zama mai gona ba sai da masifa ta sauka. Garmar nan da take kafaɗarta an ɗauke ta a hoto kamar yadda ake zana mai ɗauke da gicciye, mai kallo kuwa tausayi ake so ya ji. Ba a taɓa so ya ce, kai, matar nan ta iya noma ba.

Shekara 18 bayan haka Yash Chopra ya yi Deewaar, a 1975. Uban shugaban ma'aikata ne, aka tilasta shi ya sa hannu a kan abin da ya ci amanar 'yan'uwansa, ya gudu. Uwar ta tafi Bombay da 'ya'ya biyu tana dakon bulo a wurin gini. Da Vijay, wato Amitabh Bachchan, ya yi kuɗi ta hanyar fasa ƙwauri, sai ya sayi benen nan da uwarsa ta yi wa dako domin ya ba ta kyauta. Ko a Kumkum Bhagya, wanda Adom TV ta fara nunawa da harshen Twi a 2015, wanda ya shiga ran mutanen Kumasi har suka laƙaba wa keke mai ƙafa uku sunan Pragya, uwar Pragya ɗin tana riƙe da zauren biki ne tana ciyar da 'ya'ya mata biyu, ba miji a gidan.

Darasin da yaro yake ɗauka daga irin waɗannan shi ne, aikin uwa bashi ne a wuyan ɗa, biyansa kuma shi ne a sauke ta daga aikin. Ɗa nagari a fim shi ne wanda yake zuwa wata rana ya ce, Mma, ki huta haka nan. Niyyar tana da kyau, umarni na girmama iyaye ma yana goyon bayanta. Amma Zango cike yake da Hajiyoyi waɗanda 'ya'yansu suke aiko da kuɗi daga Italiya da Jamus da Amurka, har an gina musu gida an kai su Makka, duk da haka ba su bar bakin tukunya ba. 'Ya'yan sukan ji haushi, suna ganin kamar ana kunyata su. Abin da fim bai koya musu ba shi ne, sana'ar nan ita ce sunan matar. Da ita ake kwatancen layin, a nan take jin labarin gari, a nan ake zuwa neman shawararta, mata huɗu ko biyar kuma a ƙarƙashinta suke ci. Ranar da aka rufe tukunyar, ranar za ta zama tsohuwa.

Finafinan Amurka da wata tambaya dabam suke zuwa: ofis ko yaro, wanne za ki zaɓa? A Kramer vs. Kramer na 1979 Joanna ta bar miji da ɗa ta tafi neman kanta, ta komo da aiki mai albashi, ta ci shari'ar riƙon yaron, sa'an nan ta bar shi a hannun uban. Rabin fim ɗin yabon uban ne saboda ya koyi haɗa wa ɗansa karin kumallo, aikin da uwar ta yi shekaru tana yi ba wanda ya tafa mata. A Baby Boom na 1987 wata babbar ma'aikaciya a New York ta gaji jaririya daga wani dangi, ofis ya juya mata baya, ta koma ƙauye, ba ta sami kwanciyar rai ba sai da ta kama dafa abincin jarirai tana sayarwa. Tun a 1945 ma Mildred Pierce ya riga ya yanke hukuncin. Matar ta fara da gasa abinci a gida, ta yi aikin kai wa baƙi abinci, ta kai ga mallakar gidajen abinci, ƙaramar 'yarta ta mutu, babbar ta lalace har ta yi kisan kai. Ana nuna dukiyar tana hawa, gidan yana zubewa, kamar ɗaya ne yake jan ɗaya.

Ga malamar asibiti a Komfo Anokye ko malamar makaranta a Asawase, akwai abin da ya yi kama da rayuwarta a nan, gama ofis ba ya karɓar goyo. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ba mai haihuwa hutun mako 12 da albashi, da sa'a guda kowace rana domin shayarwa bayan ta koma aiki. Mako 12 kuwa ko wuyan jariri bai gama ƙwari ba. Amma yawancin iyaye mata na Zango ba su da ubangidan da zai ba su hutu, ba su da albashin da za a biya. Bayan suna da 'yan makonni sai a ɗaure yaro a baya a koma bakin wuta. Tambayar ofis ko yaro ba ta ma taso musu ba. Wadda ta bar aiki domin yaro, yaron ne zai kwana da yunwa.

Wata Ba'amurkiya mai binciken zaman jama'a, Gracia Clark, ta yi shekaru tana zama da matan babbar kasuwar Kumasi tun daga ƙarshen shekarun 1970, ta fitar da littafi a 1994 mai suna Onions Are My Husband, wato albasa ce mijina. Abin da ta gano ya cancanci masu shirya fim su sani. A wurin matan Tonawa, wato Asante, haihuwa ita ce take ƙara wa mace himmar kasuwa, har suna da suna na musamman ga irin aikin da mai shayarwa take yi ba fashi domin kada abincin yau ya yanke. A ganinsu uwa tagari ita ce mai fita. Inda rikici yake shi ne tsakanin kasuwa da miji, musamman a kan girkin yamma, wanda yake ɗauke mace daga rumfa a lokacin da ciniki bai ƙare ba. Zango ba Asante ba ne, gado da aure sun bambanta ƙwarai, amma a wannan wuri abin ya zo ɗaya. Da wuya a ji yaro yana kuka da cewa Mma tana sayar da koko. Mai ƙorafi galibi shi ne maigida: ta dawo a makare, abinci bai yi ba, ko kuwa, wanda ya fi zafi, kuɗinta ya fara fin nasa.

A nan ne finafinan gida suka fi yin ɓarna. Fim ɗin da ake lissafa shi cikin na fari a harkar bidiyo ta Ghana shi ne Zinabu na William Akuffo, 1987. Wani matalaucin makaniki ya gamu da kyakkyawar mace mai dukiya, ta yi masa alkawarin arziki bisa sharaɗi, ashe mayya ce. Ba uwa ba ce a labarin, amma a dubi abin da aka haɗa: mace, kuɗi, maita, da suna irin na Zango. A tuna kuma lokacin da aka yi shi. Shekara takwas ke nan kacal bayan 1979, sa'ad da sojoji suka rushe kasuwar Makola a Accra, suka yi wa matan kasuwa bulala a bainar jama'a da sunan yaƙi da kalabule, kamar su ne suka talauta ƙasa. Zargin da bulala ta fara, bidiyo ya ɗauka ya ci gaba da shi.

Da harkar fim ta Kumasi ta bunƙasa bayan shekara ta 2000, zamanin Agya Koo da Nana Ama McBrown da Mercy Asiedu, an sami abin yabo, domin a ƙarshe an ga kasuwa da gidan haya da mai sayar da abinci a bakin titi, mutane suna magana kamar yadda ake yi a Bantama. Sai dai maita ta zama jarin masana'antar. Rose Mensah ta yi fice da fitowa a matsayin mayya Kyeiwaa har sunan ya bi ta. Sau da yawa labarin hanya ɗaya yake bi. In mace ta yi arziki a kasuwa, sai an kai mai kallo wani ɗaki mai jan ƙyalle a nuna masa abin da ta bayar kafin ta samu, ko mahaifarta, ko hankalin ɗanta. Sa'an nan fasto ya zo ya yi addu'a, wuta ta sauko, ta tona asirin kanta. Masu bi da yawa suna kallon wannan da murna, suna cewa an nuna ikon Allah. Ya kamata su yi hattara. Shaidar zur a kan maƙwabci zunubi ce ko da an naɗe ta da addu'a. A Yuli 2020 aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, dūka har ta mutu a Kafaba kusa da Salaga bisa zargin maita, mutane suna tsaye suna kallo. Ba fim ne ya kashe ta ba. Amma wanda ya shekara 20 yana nuna wa jama'a cewa bayan kowace rumfa mai albarka akwai ƙwarya a ƙarƙashin gado, ba zai wanke hannu ya ce wasa yake yi ba.

Na Kano ba su cika bin hanyar maita ba, tasu hanyar kishiya ce. Matar ta yi boko, tana aiki a banki ko asibiti, tana fita da mota. 'Yar aiki ce take girki, yara sun fi sabawa da ita. Miji ya yi haƙuri har ya gaji, ya auro wata mai ladabi wadda ta iya miya, sai ma'aikaciyar ta durƙusa tana kuka tana neman gafara. An yi wannan labari sau da yawa da sunaye dabam dabam. Abin mamaki shi ne, a Kano ɗin ma mata ba su taɓa zama hannu rabbana ba. Enid Schildkrout, wadda ta rubuta littafi a kan Zangon Kumasi a 1978, ta kuma yi bincike a birnin Kano ta nuna yadda matan kulle suke tafiyar da ciniki daga cikin gida ta hannun yara masu talla. Fim bai damu da wannan ba, domin ba ya taɓa girman maigida. Wadda ta fita da jaka da makullin mota ita ce abin hari.

Akwai labari guda daga Kano da ya fi sauran gaskiya, mace ce kuwa ta rubuta shi. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da littafin Alhaki Kwikwiyo a 1990, aka mai da shi fim a 1998. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Sabon Gari, tana da 'ya'ya tara, kuɗin cefanen da yake ba ta ba ya isa ko'ina. Ya auro Delu, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta. Sai ta kama sayar da abinci, ta ciyar da su, ta ga karatunsu, 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci. Gobara ta cinye shagon Alhaji, amarya ta ci amanarsa, ya komo ba ko sisi. A littafin maza na dangi ne suka matsa wa Rabi ta koma, ba da son ranta ba. Ko a nan sai da aka kawar da miji kafin tukunya ta hau wuta. Bambancin shi ne, marubuciyar ba ta nuna sana'ar a matsayin azaba ba. Rabi ta fi ƙoshi da kwanciyar rai a bakin tukunyarta fiye da yadda take a gidan mai kuɗi, komawarta kuwa an bar mai karatu ya auna da kansa ko lada ce ko hukunci. Duk matar Zango da ta ji labarin Rabi za ta ce ta san ta, a layinsu take.

Abu biyu ne majigi ya ƙi kallo, na farko kuwa shi ne aikin kansa. A fim, sana'ar uwa 'yan daƙiƙu ce: tana share gumi, kiɗan tausayi yana tashi, an wuce. Ba a nuna ilimin da yake ciki. Mai waakye tun da yamma take tsince wake ta jiƙa, ƙarfe uku na dare ta tashi ta hura wuta. Ta san yawan karan dafi da kanwa da za su ba shinkafa launi ba tare da sun ɓata ɗanɗano ba. Shito dabam, taliya dabam, ganda da ƙwai da kifi dabam, kowanne da lokacinsa. Ta san abin da za ta yi in gawayi ya yi tsada ko sidi ya faɗi, gama ba ta iya ƙara kuɗi kowace rana, sai ta rage a ludayi yadda mai saye ba zai yi fushi ba. Ta san wanda za a ba bashi da wanda za a ba haƙuri. Kullum tana zuba wa mai susu, wanda yake riƙe zubin kwana guda a wata ladan ajiyarsa, ta san kuma a kanta nawa ne na makaranta, nawa na haya, nawa uwar kuɗi da ba a taɓawa ko ana mutuwa. Duk wannan ba takarda ba alƙalami. In gobara ta tashi, kamar yadda ta sha tashi a kasuwannin Kumasi har zuwa ta Adum a 2025, washegari za a ga irinta a kan toka tana lissafin inda za ta ranto ta sāke farawa. Masu shirya fim suna neman abin da zai sa gaban mai kallo ya faɗi, ga shi a ƙofar gidansu, sun tsallake shi sun tafi neman aljanu.

Na biyu ya fi ciwo, matan kansu ma ba su son a taɓo shi. Sa'ad da uwa take bakin wuta ƙarfe huɗu na asuba, wa yake riƙe da jaririn? Wa yake ɗebo ruwa, ya wanke tukwane, ya ɗauki tire? Yarinya ce. In ba babbar 'yarta ba, to, 'yar riƙo ce da aka kawo daga Bawku ko Yendi ko Walewale da alkawarin za a sa ta makaranta ko a yi mata kayan ɗaki. Ita ce take isa aji ƙarfe tara idanu jajur, ta yi barci a kan tebur, a ce ba ta da ƙoƙari. Gwamnati ta soke kuɗin babbar sakandare a 2017, amma wadda ba ta ci jarrabawar ƙaramar ba, kyautar ba ta iso gare ta ba. Ɗan'uwanta namiji kuwa yana barci har gari ya waye, ya karɓi kokonsa ya tafi. Nasarar Hajiya ta gaskiya ce, kuɗinta halal ne, amma wani ɓangare nasa da ƙuruciyar wata aka biya. A ƙasa da 'yar riƙo kuma akwai kayayo, 'yar dako daga arewa, da kwano a kā da goyo a baya a cikin cunkoson Kejetia. Ita ma uwa ce mai aiki, ita ce kuwa ba ta da wanda za ta miƙa wa yaron.

Finafinai kaɗan ne suka leƙa wannan wuri. Azali na Kwabena Gyansah, 2018, wanda yawancinsa da Dagbanci aka yi, ya bi wata yarinya Amina daga ƙauyen arewa, tana gudun auren tsoho, har ta faɗa dako da abin da ya fi dako muni a Accra. Ya yi ƙoƙari, sai dai ya fi mai da hankali ga masu safarar yara, waɗanda kowa ya yarda mugaye ne, bai taɓa gidan mutanen kirki inda yarinya take aiki daga asuba zuwa dare ana kiranta 'yarmu ba. Erin Brockovich na shekara ta 2000 ya yi gaskiya a wuri guda. Matar tana da 'ya'ya uku, tana yawon tattara shaida a kan kamfanin da ya gurɓata ruwan wani gari, fim ɗin kuwa bai ɓoye cewa maƙwabcinta George ne yake renon yaran ba. A waya, tana tuƙi da dare, ta ji labarin kalmar farko da jaririyarta ta furta. An nuna abin da ta rasa, an nuna wanda ya ɗauki nauyin, ba a kuma ce ta yi zunubi ba.

Wanda ya fi kusa da cika mudu shi ne Faat Kiné na Ousmane Sembène na Senegal, shi ma na shekara ta 2000. Kiné tana gab da gama sakandare malaminta ya yi mata ciki, aka kore ta. Ubanta ya tashi ƙona ta, uwarta ta tare wutar da bayanta. Namiji na biyu ya cinye mata ajiya ya bar ta da ɗa. Daga mai zuba mai ta hau har ta zama mai riƙe da gidan mai a Dakar. Sembène ya zaunar da mai kallo a ofishinta ya ga tana aiki, tana lissafi, tana amsa waya, tana sallamar masu zuwa neman rance. Ya nuna tsohuwar uwarta a gidan da ta gina, da tabon wuta a baya, domin a san a kan wa aka tsaya aka yi tsawo. Ranar walimar cin jarrabawar 'ya'yan, iyayen maza biyu suka zo neman rabonsu na yabo, ɗan ya wanke su tas a gaban jama'a. Akwai halayen Kiné da mai tsoron Allah ba zai yaba ba, kamar yadda take ɗaukar zaman mace da namiji ba aure. Ko Sembène ma bai iya ba ta miji da gidan mai a lokaci guda ba sai can ƙarshe. Duk da haka, ya bar mace ta yi arziki da hannunta, 'ya'yanta kuma suka tashi lafiya. Da Wolof da Faransanci aka yi shi, masu juya finafinai da Hausa kuwa na Indiya suka fi bi.

Abin da ya sa wannan ya shafi ikilisiya shi ne, labarin da fim ya kasa bayarwa yana cikin Littafi Mai Tsarki tun dā. Matar da aka yaba a Karin Magana sura 31 mijinta yana da rai, yana zaune tare da dattawa a ƙofar gari, ba gwauruwa ba ce, ba sakakkiya ba. Duk da haka tana duba gona ta saya, tana saƙa tana sayar wa 'yan kasuwa, tana tashi tun da sauran duhu, tana lura ko cinikinta yana riba, mijin kuwa yabonta yake yi. Nassin bai ɓoye cewa tana da 'yan mata masu taya ta aiki ba, ya kuma ce tana ba su rabonsu, wannan wurin ne masu wa'azin ranar iyaye mata suka cika tsallakewa. A 2 Sarakuna sura 4, sa'ad da mai bashi ya zo kwashe 'ya'yan gwauruwa, abin da Allah ya ba ta ta hannun Elisha shi ne mai, a ce ta je ta sayar ta biya, ta ci sauran, wato jari. Lidiya, wadda ta buɗe wa Bulus gidanta a Filibi, mai sayar da tufafin shunayya ce. Maƙwabta Musulmi kuwa ba su bukatar a tuna musu cewa Nana Khadija 'yar kasuwa ce.

Duk da haka, in matasan coci suka shirya wasan kwaikwayo na Kirsimeti ko na taron zumuntar mata, sau da yawa fim suke kwafa. Za a ga Madam da dogon takalmi da jaka tana daka wa miji tsawa, ɗanta ya shiga shaye-shaye, a ƙarshe ta tuba ta ɗaura zane ta koma kicin, jama'a su yi tafi. Matan da suke tafin da kuɗin kokonsu aka sayi bencin da ake zaune a kai. Samari kuma suna fita da abin a kā. A zaman shirin aure ana jin wanda yake cewa sai amarya ta bar aikin jinya ko ta rufe shago, in an tambaye shi dalili sai ya kawo labarin da ya gani a waya, alhali shi kansa da kuɗin tuwon uwarsa ya yi karatu. A bayan majami'a kuwa, kusa da ƙofa, akwai 'yar riƙon da ba ta ga wasan ba, domin an ba ta jariri mai kuka an ce ta fita da shi waje.